Kafin Magani Ya Kashe Ƙwayar Cuta, Sai Ya Sami Hanyar Shiga

A kemis da asibitocinmu akwai maganar da ba ta barin bakin mutane: "A ba ni mai ƙarfi." Mai jinya ya ɗauka cewa magungunan kashe bakteriya a jere suke daga mai rauni zuwa mai ƙarfi, kuma wanda ya fi tsada shi ne gaba. Bankomaisin kaɗai ya isa ya rushe wannan tunani. Allura ce da likitoci suke ajiyewa sai ranar da ƙwayar cutar Staphylococcus aureus ta gagari sauran magunguna, amma idan aka zuba ta a kan E. coli, wadda ke haddasa mafi yawan cututtukan mafitsara, ko gezau ba za ta yi ba. E. coli ba ta koyi wata sabuwar dabara ba. Abin da bankomaisin ke kamawa yana nan a jikinta, kamar yadda yake a jikin Staphylococcus. Maganin ne ba ya iya kaiwa gare shi, domin akwai wani siririn tantani a tsakaninsu.

Labarin ya faro ne daga rini. A shekarar 1884 wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, yana aiki a Berlin, ya lura cewa idan ya rina bakteriya da shuɗin rini ya wanke da barasar gwaji, wasu sukan riƙe launin, wasu kuma ya zube. Har yau wannan ne gwajin farko da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje: waɗanda suka riƙe launin ana ce musu Giram-fozitif, waɗanda suka sake shi kuma Giram-nagetif. Shi Gram bai san dalili ba. Sai da na'urar hangen ƙananan halittu mai amfani da lantarki ta inganta, wajen shekarun 1960, aka ga bambancin ƙarara. Kashi na farko suna da tantani ɗaya, sai bango mai kauri a bayansa, wanda duk da kaurinsa saƙar raga ce da ƙananan abubuwa ke ratsawa. Kashi na biyu bangonsu siriri ne, amma sun ƙara wani tantanin na biyu a can waje, ya lulluɓe komai. Tsakanin tantanin ciki da na waje akwai 'yar rata, kuma a cikin wannan rata ake yin rabin yaƙin da za mu yi magana a kai.

Masu tantani biyun nan ba baƙi ba ne a wurinmu. Salmonella Typhi mai jawo taifot, Vibrio cholerae mai jawo kwalara, Neisseria meningitidis mai jawo sanƙarau a lokacin zafi, Klebsiella mai shiga jinin jarirai, duk 'yan wannan gida ne.

Tantanin waje ba kamar sauran tantanin halittu yake ba. Tantani na yau da kullum, har da na ƙwayoyin jikinmu, shimfiɗa biyu ce ta maiƙo iri ɗaya, mai laushi, kuma duk abin da ke narkewa a mai yana iya sulalewa ta cikinsa. Shi kuwa wannan, shimfiɗarsa ta ciki ce kawai irin waccan. Ta waje an yi ta da wani sinadari daban da ake taƙaita sunansa da LPS. Gindin LPS kitse ne mai jela shida a E. coli, jelolin a miƙe, a matse da juna, ba su da sassaucin maiƙon da aka saba. A kan gindin akwai sarƙar sukari da ta miƙe waje tana riƙe ruwa. Kowane LPS yana ɗauke da cajin nagetif, wanda da an bar su haka da sun riƙa ture juna, amma maganiziyam da kalsiyam masu cajin fozitif suna shiga tsakani suna ɗinke su wuri guda. Sakamakon shi ne shinge mai fuska biyu: abin da ke son mai yana cin karo da sukarin da ke jiƙe da kuma kitsen da ya daskare, abin da ke son ruwa kuma ba ya iya ratsa kitse ko kaɗan. Wannan LPS ɗin dai shi ne gubar da ke tayar da garkuwar jikin mutum har jini ya faɗi idan ƙwayar cuta ta shiga jini. Richard Pfeiffer ya gano wannan guba a jikin ƙwayar kwalara tun shekarun 1890, tun kafin a san cewa tubalin shinge ce.

Ba don magungunanmu bakteriya ta yi wannan gini ba. Ta daɗe da shi tun kafin a yi ɗan Adam mai haɗa magani. E. coli a hanji take zaune, inda ruwan maɗaciya ke kwarara, shi kuwa aikinsa narkar da maiƙo. Mai tantani ɗaya da yawa ba sa jure shi. Ma'aikatan ɗakin gwaji ma suna cin moriyar wannan: faifan MacConkey da ake shuka fitsari ko bayan gida a kai yana ɗauke da gishirin maɗaciya da rini, don ya hana masu tantani ɗaya tsirowa ya bar masu biyu. Haka kuma laisozayim, sinadarin da Alexander Fleming ya gano a majina da hawaye a 1922, yana cinye bangon bakteriya, amma girmansa ya hana shi ratsa tantanin waje.

To amma halittar da ta rufe kanta ruf ta yaya za ta ci abinci? Wanda ya san ganuwar Kano ya san amsar. Birni ba ya rayuwa da ganuwa marar ƙofa, dole hatsi da itace da fatake su shigo, kuma duk ƙofar da aka buɗe wa fatake, mahara ma sun san da zamanta. Ƙofofin bakteriya furotin ne masu siffar bututu, cike da ruwa, da suka huda tantanin waje. Taiji Nakae ya raɗa musu suna porin a 1976, kuma Hiroshi Nikaido na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya shafe shekaru yana auna abin da ke wucewa ta cikinsu da saurin wucewarsa. A E. coli manyansu biyu ne, OmpF da OmpC. Iyakar abin da suke bari ya wuce kusan dalton 600 ne, dalton kuwa shi ne ma'aunin nauyin molekul, wato ƙwayar sinadari guda. Sukarin gulukos 180 ne, yana wucewa salin alin. Amfisilin 349, sifurofuloksasin 331, duk suna shiga. Iritiromaisin ya haura 730, rifamfisin ya haura 820, bankomaisin kuwa kusan 1,450. Daga nan dalilin da ya sa bankomaisin ba ya taɓa E. coli ya fito fili.

Abin da ya fi burge ni shi ne bakteriyar tana juya ƙofofin nan daidai da inda ta sami kanta. A ruwan tafki ko rijiya, inda abinci ya yi ƙaranci kuma guba ba ta da yawa, E. coli takan yawaita OmpF mai ɗan faɗi. Da ta shiga hanji, ta ji ɗumi da gishiri, sai ta rage shi ta koma OmpC mai matsi.

Girma ba shi kaɗai ne sharaɗi ba. A tsakiyar kowace ƙofa akwai maƙura, gefe guda cajin fozitif, ɗaya gefen nagetif. Molekul mai ɗauke da caji biyun, wanda zai iya daidaita kansa da su, yana wucewa da sauri. Mai maiƙo-maiƙo ko mai nagetif zalla yana jan ƙafa. Fenisilin na asali ƙarami ne, bai kai 340 ba, amma ba ya taɓuka abin kirki a kan E. coli. Kamfanin Beecham na Ingila ya ƙara masa ɗan guntun naitirojin mai cajin fozitif, aka sami amfisilin a 1961, sai ga shi yana kashe ƙwayoyin hanji da taifot. Shekaru 56 bayan haka, a 2017, ayarin Paul Hergenrother na Jami'ar Illinois suka auna sinadarai fiye da 180 don ganin waɗanda ke taruwa a cikin E. coli, suka fito da sharuɗɗa uku: ya kasance yana da irin wannan naitirojin, ya zama shimfiɗaɗɗe maimakon dunƙulalle, kuma kada ya cika lanƙwashewa. Sun gwada abin da kansu: suka ɗauki wani sinadari da ke kashe masu tantani ɗaya kawai, suka liƙa masa naitirojin ɗin, ya koma yana kashe masu tantani biyu.

Wannan ya shafi Ampiclox, wanda ake yawan saya a kemis har a ɗiga wa jarirai. Haɗin amfisilin ne da kuloksasilin. Kuloksasilin an yi shi ne don Staphylococcus, ba ya aiki a kan masu tantani biyu. Amfisilin yana shiga, amma Klebsiella pneumoniae tun asali tana da enzayim, wato furotin mai sarrafa sinadarai, da ke sare shi. Binciken BARNARDS, da aka gudanar daga 2015 zuwa 2017 a ƙasashe bakwai na Afirka da Kudancin Asiya, har da asibitoci a Kano da Abuja, ya nuna Klebsiella ce kan gaba cikin masu tantani biyu da ke shiga jinin jarirai sababbin haihuwa. Jaririn da ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, idan wannan ce ta kama shi, ɗigon Ampiclox ba zai taɓa ta ba, sai dai ya cinye sa'o'in da ya kamata a ce yana asibiti.

Yanzu ga inda na ga an fi yin kuskure wajen fahimtar al'amarin. Mutane sukan ɗauka tantanin waje yana hana shiga ne kwata-kwata. Ga manyan molekul irin bankomaisin, haka ne. Ga yawancin magunguna kuwa jinkirtawa kawai yake yi. Bakteriya ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ko da shigar ta ragu ninki ɗari, cikin 'yan daƙiƙoƙi ko mintuna maganin zai cika ta, alhali tana buƙatar aƙalla minti 20 kafin ta rabu biyu. Nikaido ya daɗe yana nanata wannan lissafi. Jinkirin yana amfani ne kawai idan akwai wani abu a ciki da ke kawar da ɗan abin da ya samu shiga. Abubuwan kuwa biyu ne.

Na farko enzayim masu sare dangin fenisilin. Staphylococcus ma tana yin su, amma tunda ba ta da tantanin waje sai ta watsa su a fili, su tsarma a cikin ruwan da ke kewaye da ita. Mai tantani biyu tana tara nata a 'yar ratar nan ta tsakiya, daidai bakin ƙofa, inda maganin ke shigowa ɗaya bayan ɗaya. Enzayim kaɗan sun isa. Na biyu famfuna. A E. coli babbansu shi ne AcrAB-TolC, a Pseudomonas kuma, wata mai tantani biyu, MexAB-OprM. Furotin uku ne a haɗe, sun ratsa tantanin ciki da rata da tantanin waje, suna tsamo magani suna cilla shi can waje gaba ɗaya, inda dole ya sake bin layin shiga. Kuma ba su da zaɓe, suna kwashe tetirasaikilin da kuloramfenikol da sifurofuloksasin da rini da sabulu da ruwan maɗaciya. Hujjar wannan a ɗakin gwaji take: idan aka cire wa E. coli famfon nan, magunguna irin su iritiromaisin da linezolid, waɗanda a littafi aka rubuta ba sa aiki a kanta, sai su fara kashe ta. Linezolid ma 337 ne nauyinsa, ba girma ne ya hana shi ba, fitar da shi ake yi fiye da yadda yake shiga.

Ke nan abin tsere ne tsakanin shiga da fita. Shi ya sa rabin awo yake da haɗari. Wanda aka ce ya sha ƙwaya sau uku ya sha sau ɗaya, ko ya sayi jabu mai rabin sinadari, ya rage yawan maganin da ke bakin ƙofa zuwa matakin da famfo zai iya kwashewa. Ƙwayoyin da suka fi ƙarancin ƙofofi ko yawan famfuna su ne za su tsira, su ne kuma za su hayayyafa.

Pseudomonas aeruginosa ta kai wannan tsari ƙarshe. Ba ta da manyan ƙofofi na kowa da kowa irin na E. coli, an ƙiyasta shigar abu cikinta ya gaza na E. coli ninki 12 zuwa 100. Tana da ƙananan ƙofofi ne na musamman, kowace da irin abincin da take karɓa. Ɗaya daga cikinsu, OprD, an yi ta ne don wasu tubalan furotin, sai aka yi dace imifenem, allura daga dangin magungunan kabafenem, ya yi kama da su yana bi ta nan. Idan aka daɗe ana yi wa majinyaci allurar imifenem, ƙwayar da ta rasa OprD ita ke rayuwa, kuma rashin bai hana ta cin abinci ta wasu hanyoyi. Wannan na iya faruwa a jikin mutum guda cikin jinya guda. Klebsiella ma takan zubar da ƙofofinta OmpK35 da OmpK36 ko ta matse su, sai enzayim ɗin da a da bai isa ya kare ta daga kabafenem ba ya wadatar. Irin wannan shinge ne ya sa Pseudomonas ke iya rayuwa har cikin wasu ruwan wanke rauni da aka tsarma aka ajiye, abin da ya kamata duk mai kula da ɗakin masu ƙuna ya riƙe a ransa.

Wannan doka ta shinge tana da togaciya, kuma ya kamata a faɗe ta. Neisseria mai sanƙarau tantaninta na waje bai kai na E. coli matsi ba, shi ya sa fenisilin ya daɗe yana aiki a kanta. Azitiromaisin ya fi iritiromaisin nauyi kaɗan, amma yana da ƙarin cajin fozitif kuma yana taruwa a cikin ƙwayoyin jikin mutum inda Salmonella ke ɓuya, don haka ana maganin taifot da kwalara da shi. Lokacin da taifot mai bijire wa kusan dukkan magungunan sha ya ɓarke a lardin Sindh na Pakistan a 2016, azitiromaisin ne maganin sha da ya rage.

Akwai kuma magungunan da ba sa neman ƙofa, shingen suke ɓarakawa. An tuna maganiziyam da kalsiyam da ke ɗinke LPS? Jentamaisin da kolistin suna da cajin fozitif mai yawa, sai su ture waɗancan su zauna a gurbinsu, ɗinkin ya warware, su kutsa. Loretta Leive ta nuna a 1965 cewa sinadarin EDTA, mai tsotse maganiziyam, yana buɗe E. coli har magungunan da ba sa shiga su shiga. Jikin mutum ma yana da irin tasa dabarar: laktoferin da ke cikin nonon uwa da hawaye yana sassauta tantanin waje, laisozayim ya sami hanyar isa bango. Kolistin kuwa, wanda aka gano a Jafan wajen 1950, an jingine shi a shekarun 1970 saboda yana lalata ƙoda, aka dawo da shi da aka rasa madadin. A tsakanin nan an yi ta zuba shi a abincin aladu da kaji. A watan Nuwamba na 2015 masu bincike a Sin suka ba da rahoton mcr-1, ƙwayar gado mai tsallakawa daga bakteriya zuwa wata, wadda ke liƙa wa gindin LPS wani guntu da ke rage cajin nagetif, kolistin ya rasa wurin kamawa. Cikin ɗan lokaci aka same ta a nahiyoyi da dama. Mai kiwon kajin da ke zuba garin magani mai kolistin a ruwan shan kajinsa don rigakafi yana da hannu a wannan lamari, ko ya sani ko bai sani ba.

Nauyin abin a alƙaluma yake. Rahoton da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bijirewar bakteriya ga magani, kuma yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, kusan mutum 27 cikin kowane 100,000. Cikin ƙwayoyi shida da suka fi kisa, huɗu masu tantani biyu ne: E. coli, Klebsiella, Acinetobacter baumannii da Pseudomonas. Jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017 na ƙwayoyin da suka fi buƙatar sabon magani, rukuninsa na farko kaf masu tantani biyu ne. Amma tun bayan dangin kwinolon (dangin sifurofuloksasin) da suka ɓullo a shekarun 1960, fiye da shekara 50 ke nan, sababbin dangogin magani da suka iso asibiti, irin su linezolid a 2000 da daftomaisin a 2003, yawancinsu na masu tantani ɗaya ne. Kamfanoni sun sha samun sinadarin da ke kashe enzayim ɗin bakteriya a kwalbar gwaji, ya kasa yin komai a kan rayayyiyar ƙwaya. Matsalar ita ce halin da ake buƙata don wuce ƙofar waje, wato son ruwa da caji, shi ne ke hana ratsa maiƙon tantanin ciki. Magani ɗaya ake so ya cika sharuɗɗa biyu masu karo da juna, sannan ya kuɓuce wa famfo.

Dabarun da suka fara ba da fata duk sun ɗauki shingen da muhimmanci. Bakteriya tana matuƙar buƙatar sinadarin ƙarfe, jikin mutum kuma yana ɓoye shi, don haka takan saki wasu ƙananan sinadarai su kamo mata shi, ta jawo su ciki da ƙarfinta ta ƙofofi na musamman. Kamfanin Shionogi na Jafan ya liƙa irin wannan makamin ƙarfe a jikin wani sefalosforin, magani ɗan uwan fenisilin, aka sami sefidirokol, wanda Amurka ta amince da shi a 2019: ƙwayar da kanta take jawo shi ciki. Darobaktin, da ayarin Kim Lewis suka bayyana a 2019, ba ya ma shiga, yana toshe BamA, furotin ɗin da ke dasa ƙofofi a tantanin waje, daga waje yake kama shi. Zosurabalfin kuma, wanda kamfanin Roche da masana Jami'ar Harvard suka bayyana a Janairun 2024, yana cushe hanyar da Acinetobacter ke bi ta kai LPS daga ciki zuwa waje, tubalan su taru a ciki har su kashe ta. Wannan na ƙarshe Acinetobacter kaɗai yake kamawa, kuma a ganina wannan ba aibi ba ne, domin yana barin bakteriyar hanji masu amfani su zauna lafiya. Sai dai magani mai kama ƙwaya ɗaya tak ba shi da amfani a asibitin da ba ya iya shuka jini ya faɗi sunan ƙwayar cikin kwana biyu ko uku.

Nan ne damuwata take game da mu. A 2022 Shionogi ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar GARDP mai neman sababbin magungunan bakteriya da ƙungiyar Clinton Health Access Initiative don a samar da sefidirokol a ƙasashe 135, yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi, kuma an ba wani kamfanin Indiya, Orchid Pharma, lasisin sarrafa shi. Idan ya iso, zai tarar da asibitoci da yawa inda ake rubuta magani bisa hasashe, saboda babu kwalaben shuka jini, ko wutar da za ta riƙe na'urar ɗumama su, ko kuɗin gwajin a aljihun mai jinya. Rinin Gram kuwa, mai shekara fiye da 140, ba ya buƙatar fiye da gilashi da ruwan rini huɗu da madubin hangen ƙwayoyi da ma'aikaci mai horo, kuma cikin kwata na awa zai gaya wa likita ko abin da ke cikin mugunya ko ruwan kashin baya mai tantani ɗaya ne ko biyu.